Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Jigawa: A Birni Ake Zuƙe Kitsen, A Ƙauye Ake Jinyar

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu likitoci ne da ma'aikatan jinya da ungozomomi da ke aiki a asibitocin karkarar jihar nan. Mun rubuto ne a kan tiyatar zuƙe kitse, wadda 'yan birni ke ce wa lipo, da abokiyar tafiyarta ta mayar da kitsen a mazaunai, wadda ake kira BBL.

Za a iya cewa ina ruwan Birniwa ko Gwiwa ko Kirikasamma da aikin masu kuɗi. Ruwansu shi ne, a Legas ko Abuja ko Alƙahira ko Istanbul ake yin aikin, amma ba a can ake warkewa ba. Ana sallamar mace, kuɗin masauki ya ƙare, sai ta yiwo gida ta ɓuya, domin a al'adarmu gaban uwa ake jinya. Da yawa daga cikin abubuwan da ke kisa a wannan aiki kuwa ba sa nuna kansu a ɗakin tiyata. Wani sai tsakar daren farko, wani kwana uku, wani mako shida. Kafin nan wanda ya yi aikin yana can nesa, wanda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa kuma ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, wanda ba a taɓa koya masa komai a kan wannan aiki ba, ba kuma lalle a faɗa masa gaskiyar abin da aka yi ba.

Ga yadda aikin yake. Likita yana huda fata 'yan ƙananan ƙofofi, kowace ba ta wuce milimita 3 zuwa 5 ba, a inda ido ba ya kaiwa: cikin cibiya, ƙasan mara, lanƙwasar ƙarƙashin mazaunai. Ta nan yake ɗura ruwa cikin kitsen har wurin ya kumbura ya yi tauri. Wani likitan fata a Amurka, Jeffrey Klein, shi ya fito da wannan dabara a 1987. Ruwan gishiri ne irin wanda muke ƙarin ruwa da shi, amma kowace lita ana zuba mata lidoken miligiram 500 zuwa 1,000 don kashe zafi, adirenalin miligiram 1 don tsuke jijiyoyin jini, da ɗan bikabonet. Sai a cusa bututun ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko 4, wanda tsawonsa kan kai santimita 30, ana turawa ana jawowa ɗaruruwan sau, inji yana zuƙa. Likitan ba ya ganin bakin bututun. Da ɗaya hannun yake lalubarsa ta saman fata. Idan an gama, a waje 'yan ɗinki ne huɗu ko shida, amma a ƙarƙashin fata rauni ne tun daga ƙasan ƙirji har mara, ya zagaya baya. Aikin gara ne a azara: waje lafiya lau, ciki duk hanyoyi. Ma'aikacin da ya duba ɗinkin kawai ya ce ƙaramin ciwo ne bai ga komai ba.

Tsakanin kitsen ciki da hanji bangon tsoka ne kawai. Idan bakin bututun ya kauce ya yi ƙasa, ya shiga ciki ke nan. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokaci, Stella Obasanjo, ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 a Sifen bayan irin wannan aiki, kuma a 2009 kotun Malaga ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya, bayan ta tabbatar bututun ya huda babban hanji ya yanki hanta, sannan ba a farga da wuri ba. Matar shugaban ƙasa ke nan, a Turai. Haɗarin ya fi yawa ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ko wani aikin ciki, da mai ƙaba a cibiya, da wadda tsokar cikinta ta rabu saboda yawan haihuwa. Wato dai irin matan da tallar rage tumbi ta fi nema.

Hujewar hanji ba ta ihu a ranar farko. Ciwon ciki ne, kuma an riga an gaya mata za ta ji ciwo, ga tiramadol da dikulofenak suna danne shi. Kwana ɗaya zuwa uku sai ciki ya kumbura ya ƙi taɓuwa, tusa ta tsaya, amai ya fara, bugun zuciya ya haura 100, fitsari ya ragu. Wannan hoton duk likitan karkara ya san shi, domin haka fashewar hanji ta taifot take zuwa, kuma matakin ɗaya ne: kada a ba ta komai ta baki, a sa ruwa ta jijiya, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, a sa robar fitsari, a tura ta inda za a buɗe ciki a ranar. Ciwon aikin kitse a fata yake, kuma kullum raguwa yake yi. Ciwon da ke ƙaruwa daga jiya zuwa yau, hanji ne har sai likitan tiyata ya ce ba shi ba ne.

Abin da ya fi ba mu tsoro ga wadda ta kamo hanya da wuri shi ne lidoken. A ɗinkin rauni na yau da kullum ba ma wuce miligiram 7 ga kowane kilo na nauyin mutum, wato 490 ga mai kilo 70. A zuƙar kitse ana kaiwa 35, wasu har 55, saboda kitse da adirenalin suna riƙe maganin, yana shiga jini a hankali. Lita uku mai miligiram 1,000 kowace ta zama 3,000 a jikin mai kilo 70, ninki shida na abin da muka saba. Jinkirin da ya sa aka yarda da wannan adadi shi ne kuma tarkon, domin maganin ba ya kai ƙololuwa a jini sai bayan awa 12 zuwa 14. An yi aiki da hantsi, an sallame ta da la'asar tana hira, guba kuma sai tsakar dare, wataƙila a cikin mota. Alamun farko: leɓe da harshe su mutu, ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne yana shuu, jiri, sambatu. Daga nan tsoka ta fara motsi da kanta, sai jijjiga, sai zuciya ta rikice. A gida cewa za a yi iska ce, a kira mai ruƙiyya, a yi hayaƙi. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya, a yi ta a cikin mota. A asibiti kuma oksijin, diyazefam don jijjigar, sannan maganin gubar na ainihi, farin ruwan mai mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 da ake bayarwa ta jijiya, mililita 1.5 ga kowane kilo a tashin farko, wajen mililita 100 ga mai kilo 70. Muna roƙon a ajiye shi a duk babban asibitin da ke da ɗakin tiyata. Ba don masu zuƙe kitse kaɗai ba: shi ne maganin gubar duk allurar kashe zafi dangin lidoken, har ta masu haihuwa. Kuma kada wani ya ƙara mata allurar lidoken a kwanan farko don gyara ɗinki. Magungunan da ke rage wa hanta saurin narkar da shi, irin su eritiromaisin, simetidin da ketokonazol, su ma ana sayen su a kemis ba tare da takarda ba.

Sai maganar ruwa, inda kyakkyawar niyya ke iya kashewa. Mun saba da zarar an kawo mutum a galabaice a rataya masa ruwa, 'yan uwa ma idan ba su ga leda a rataye ba cewa suke ba a yi komai ba. To mafi yawan ruwan da aka ɗura a kitse ba ya fitowa da injin, kusan kashi 70 cikin 100 yana zama a jiki, ya shiga jini sannu a hankali. Idan an ɗura lita biyar, ga kuma wanda aka sa mata ta jijiya lokacin aiki, ta riga ta cika. Ƙara mata leda biyu a guje zai tura ruwan huhu: numfashi sama-sama, ba ta iya kwanciya, tari mai kumfa. Amma kuma wata galabaitar ta zubar jini ce a ƙarƙashin fata, inda ba a ganinsa, ita kuwa jini take buƙata da gaggawa. Ba a raba su da ido. Sai an saurari bayan ƙirji, an duba cikin fatar ido da tafin hannu, an auna PCV, wato gwajin yawan jini, an ƙirga fitsari, wanda bai kamata ya gaza mililita 35 a awa ga mai kilo 70 ba. Saboda wannan ne ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta ce duk aikin da aka zuƙi fiye da lita 5, a kwantar da mai shi ya kwana ana lura da shi. Wanda ya zuƙi lita bakwai ya sallami mace da yamma ya yi ganganci, ko da ta kwana lafiya.

Gudan jini ya fi kowanne kisa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2000 ya tattara ayyuka kusan 496,000, ya ƙirga mutuwa 95, kimanin mutum 1 cikin 5,000, kuma a hannun ƙwararru ke nan. Gudan jinin da ya toshe huhu ne na ɗaya, hujewar ciki na biyu. Jini yana daskarewa a jijiyar sharaɓa ko cinya idan mutum ya daɗe bai motsa ba, daga baya ya ɓalle ya tafi huhu. A duba yadda tafiyar take: doguwar tiyata, sai kwana a mota daga Legas ƙafa a naɗe, ko sa'o'i a jirgi, sai a iso gida a ce ta kwanta kada ta motsa, ga rigar matsi, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga ƙin shan ruwa don gudun wahalar tsugunno. Idan tana shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, haɗarin ya ƙaru. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi ɗaya, sharaɓa tana ciwo, kada a yi tausa, kada a kira mai ɗori. Numfashi ya yanke kwatsam da suka a ƙirji, ko da mako huɗu ne bayan aikin, a nufi babban asibiti. Shi ma kitsen kan shiga jini. Ƙananan gutsattsarin kitsen suna nuna kansu cikin awa 24 zuwa 72 da haki, ruɗewa, da ɗigo-ɗigon ja a ƙirji, hammata da cikin fatar ido, wanda a baƙar fata sai an duba idon ake kama shi. Manya kuwa na BBL ne, idan bututun ya shiga tsokar mazaunai ya yaga babbar jijiya, kitse ya tafi zuciya kai tsaye. Wani kwamitin likitoci a 2017 ya ƙiyasta mutuwa kusan 1 cikin 3,000, shi ya sa jihar Fulorida ta Amurka ta hana zuba kitse cikin tsoka a 2019. Wannan galibi ba ya barin mace ta iso gida.

Zazzaɓi a wurinmu sunansa maleriya, da damina kuma gwajin zai iya nuna ta ko da ba ita ke kayar da mutum ba. Wadda aka yi wa aiki cikin mako biyu tana zazzaɓi, a yi gwajin, amma a cire rigar matsi a duba fatar gaba da baya. Ciwon da ake tsoro shi ne wanda ke cin shimfiɗar da ke ƙarƙashin fata yana gudu ta hanyoyin da bututu ya buɗe. Alamarsa ta farko azabar da ta fi ƙarfin abin da ido ke gani. Jan fata ba ya fitowa sosai a jikinmu, don haka hannu ne zai yi aiki: wuri ya yi tauri kamar katako, ya yi zafi, wani lokaci ana jin ƙaras-ƙaras, ƙofofin suna fitar da ruwa mai launin toka da wari. A zagaye iyakar wurin da biro, a dawo bayan awa ɗaya. Idan ya tsallake layin, allura kaɗai ba za ta tsayar da shi ba, sai an shiga ɗakin tiyata an yanke mataccen nama a ranar. Akwai kuma mai zuwa a makare, bayan makonni ko watanni: ƙulluwa masu tauri da ke fashewa suna tsiyayar ruwa, ba zazzaɓi sosai, an sha ampikulos an gaji. Sau da yawa dangin ƙwayar tarin fuka ne da ke zama a ruwan famfo, suna shiga ta bututun da aka jiƙa a ruwan magani maimakon a dafa shi a injin tururi. Na'urar GeneXpert da muke gwajin tari da ita ba ta kama su, sai an tura samfur ɗakin gwajin da za a raya ƙwayar a gane ta, magani kuma haɗi ne na watanni.

Mai girma Kwamishina, akwai ɓangaren da likitan Legas ko na Turkiyya ba zai gargaɗe ta a kai ba, domin bai san shi ba, shi ne jinyar gida irin tamu. Fatar da aka zuƙe ƙarƙashinta takan mutu na makonni, ba ta jin zafi. Uwa ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya ta fara gashi, 'yar ba ta ce wayyo ba, sai gari ya waye a ga fata ta saɓule. Kunun kanwa gishiri ne mai riƙe ruwa a jiki, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta shi, tare da wankan jego da kwanciyar gadon wuta, da ciwon zuciyar masu jego. Jikin da ya riga ya cika da ruwa ba ya buƙatarsa. Ruwa yakan taru ƙarƙashin fata yana motsi idan an taɓa. Wannan da sirinji mai tsabta ake janye shi a asibiti, ba a kai wa wanzami ya yi ƙaho ko sakiya, domin huda ɗaya ta isa ta mayar da ruwa mai tsabta ya zama mugunya. Sannan a tambaye ta abin da take sha da abin da take shafawa. Yawancin masu neman cikar ƙugu sun fara ne da sha-ka-fashe, wanda sau da yawa akwai dekzametazon a ciki, man bilicin da yawa kuma suna da danginsa. Suna sirantar da fata, suna hana rauni haɗewa, suna ɓoye zazzaɓi, kuma wadda ta daɗe tana sha ta daina rana ɗaya ƙarfin bugun jininta zai iya faɗuwa warwas bayan tiyata. Mai sikila kuwa sanyi, ƙishirwa da ƙarancin iska a jini duk suna tayar mata da ciwo, aikin nan kuma ya haɗa ukun.

Sauran illolin ba sa kisa, sai dai su ci kuɗi da kwanciyar hankali: ciki ya yi tudu da kwari, fata ta saki, wurin ya yi duhu, tabo ya tashi ya yi tudu, kumburi ya kai wata uku zuwa shida. Kuma ba maganin ƙiba ba ne. Binciken da aka buga a 2004 ya nuna cire kitse mai yawa ta wannan hanya bai gyara suga ko hawan jini ba, wani na jami'ar Kolorado a 2011 ya nuna kitsen ya dawo cikin shekara guda, ya fi taruwa a ciki. Maza masu zuwa rage tumbi ko nono su ma su ji.

Duk wannan ilimin ba shi da amfani idan ba ta faɗa ba, kuma ba za ta faɗa a gaban miji ko uwar miji ko baba ba. Cewa za a yi ta je biki ta dawo da zazzaɓi. Don haka roƙonmu na farko shi ne ma'aikatarka, ta hannun Hukumar Lafiya Matakin Farko, ta aika takarda shafi ɗaya da Hausa zuwa kowace cibiya a ƙananan hukumomi 27, mai ɗauke da waɗannan alamu da tambaya guda da ma'aikaciya mace za ta yi bayan ta fitar da 'yan rakiya: "Yar uwa, cikin wata ukun nan an yi miki wani aiki ko allura a jiki? Tsakanina da ke ne." A haɗa da allura, domin masu gyaran jiki na bayan fage suna ɗura wa mata abubuwan da su kansu ba su san sunansu ba. Hukuncin aikin a addini na malamai ne, sun fi mu saninsa. Amma ranar da aka fara kai rahoton irin waɗannan mata ga Hisba ko mai unguwa daga asibiti, daga ranar ba za su ƙara zuwa ba sai a kan makara.

Na biyu, a ba ma'aikaci izinin tsallake matakai. Mai kumburin ciki ko haki ko jijjiga bayan wannan aiki ba ta da lokacin bin layi daga cibiya zuwa ƙaramin asibiti zuwa babba. A kai ta kai tsaye Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim, Dutse ko Birnin Kudu, wanda ya fi kusa kuma yake da likitan tiyata da jini a ranar, a buga waya kafin mota ta tashi, idan ya fi ƙarfinsu sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa ba ta da tsada, ya kamata kowace cibiya ta samu, kuma duk macen da awonta ya nuna ƙasa da kashi 92 ba ta kwana a ƙauye. A buɗe gurbi a rajistar asibitoci don rubuta irin waɗannan matsaloli ba tare da suna ba, yadda za a san girman abin da garuruwan da ake yo aikin.

Na uku ya fi ƙarfin jiha ɗaya, amma kana da kujera a Majalisar Lafiya ta Ƙasa. A nemi Hukumar Likitoci ta MDCN ta wajabta wa duk mai wannan aiki ya ba mara lafiya takarda a hannu: sunansa da lambar rajistarsa, ranar aiki da lokacin da aka ɗura ruwan, wuraren da aka taɓa, lita nawa aka ɗura, lita nawa aka zuƙa, jimillar lidoken, ko an mayar da kitse da inda aka zuba shi, PCV kafin aiki da bayansa, magungunan sallama, da lambar wayar da ake ɗauka da dare. Da wannan takarda likitan Gumel zai san cikin minti biyu ko ruwa zai sa ko ruwa zai cire. A kuma faɗa wa jama'a a Rediyo Jigawa cewa satifiket na kwas ɗin mako biyu a ƙasar waje ba ya mayar da mutum likitan gyaran jiki, cewa wadda ke tallar asibiti a TikTok ko Instagram galibi kamasho take karɓa, kuma mace tana da haƙƙin tambaya kafin ta biya: wa zai sa ni barci, akwai jini a ajiye, ina za a kai ni idan abu ya ɓaci, kwana nawa zan yi kusa da ku kafin in hau mota. Asibitin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ta ɗauki jakarta.

Muna shirye mu rubuta takardar shafi ɗayan, mu kuma gabatar da ita a taron wata-wata na shugabannin cibiyoyi, idan ma'aikata ta amince.

Wassalam. Allah ya yi jagora.

Daga wasu likitoci, ma'aikatan jinya da ungozomomi na asibitocin karkarar Jihar Jigawa.